Yadda za ka naɗi shirin talabijin na HD a faifai ba tare da hoto ko murya sun lalace ba

Wani mai karatu daga Daura ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya manyanta, ƙafa ta hana shi fita sallar dare, kuma ba abin da yake so kamar kallon tarawihi da tahajjud na Makka. A azumin bana na haɗa dikodar dish ɗinmu da na'urar DVD mai naɗi, na ɗaukar masa goman ƙarshe don ya riƙa kallo bayan sallah. A talabijin hoton garau yake, har rubutun rigar Ka'aba ana karantawa. Amma a faifan sai ya fito dishi-dishi, masu ɗawafi suka cakuɗe kamar kunu, a wasu faifan kuma muryar liman tana riga bakinsa. Faifan ne ba su da kyau ko na'urar? Yaya zan yi ya fito kamar yadda na gani?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri a kan wannan hidima. In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a haɗe: me ya cinye kyawun hoton tsakanin talabijin da faifai, kuma wace hanya za ka bi abin da tasha ta watso ya shiga faifai yadda yake, hoto da murya. Bari in fara wanke faifan. Faifai mara kyau yakan sarƙe, ya yi tsalle, ko ya ƙi karantuwa ɗungurungum, amma ba ya dusar da hoto. Abin da aka zuba masa shi yake riƙewa. Hotonka ya riga ya lalace tun kafin ya isa faifan, kuma ina iya nuna maka wuraren da ya zube, domin irin wannan koken ake kawo mini shago a nan Katsina bayan kowace sallah, tun zamanin da muke mayar da kaset ɗin bidiyon biki zuwa VCD.

Inda hoton ya zube

Hoton talabijin ƙananan ɗigo ne aka jera su layi-layi. Cikakken HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Faifan DVD na kallo, a tsarin PAL da muke bi a Najeriya, iyakarsa 720 a kwance da 576 a tsaye, wato 414,720. Ka raba na farko da na biyu, biyar cif za ka samu. Ke nan cikin kowane ɗigo biyar da idonka ya gani a talabijin, huɗu ba su da wurin zama a DVD. Rubutun rigar Ka'aba da kake karantawa yana cikin huɗun nan da suka tafi. Haka aka gina tsarin tun fitowarsa a 1996, lokacin da kowa yake kallo a tsohon talabijin mai ƙusumbi, kuma ba wani saiti da zai sa tiya ta ɗauki buhu.

Zuba ta biyu a waya take. Na tabbata da wayoyin nan uku ka haɗa dikoda da na'urar naɗin, ruwan ɗorawa da ja da fari, domin ita ce ƙofar shiga da irin waɗannan na'urori suke da ita. Wayar ruwan ɗorawa ba ta ɗaukar HD ko kaɗan. Dikoda ce da kanta take rage hoton, ta cusa haske da launi a waya guda, shi ya sa gefen abubuwa yake yin ɓaɓɓaki-ɓaɓɓaki, jan launi kuma ya riƙa malala.

Ta uku ita ce ta mayar da masu ɗawafi kunu, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimta, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Bidiyo ba ya shiga faifai sai an matse shi. Dabarar matsewar ita ce, maimakon a ajiye kowane hoto cikakke sau 25 a daƙiƙa, sai a ajiye guda cikakke, sannan na bayansa a rubuta abin da ya canza kawai. Ginshiƙan Harami ba sa motsi, Ka'aba ba ta motsi, don haka ba sa cin wuri. Amma dubban mutane da fararen kaya, kowa yana tafiya, kowane kai ɗan ɗigo ne, wannan yana daga cikin hotuna mafiya wahalar matsewa da na taɓa aiki da su. Ƙurar dawaki ranar hawan sallah ce kawai nake iya kwatanta shi da ita. Yawan bayanan da aka ware wa kowace daƙiƙa ana auna shi da megabit, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa guda. Faifan DVD mai GB 4.7, in ka ce ya ɗauki awa 2, kowace daƙiƙa za ta samu kusan megabit 5.2, hoto da murya a haɗe. In ka ce awa 4, ta koma 2.6. Sallar dare tana da tsawo, don haka ina kyautata zaton ka sa na'urar a LP ko EP don dare ɗaya ya shiga faifai ɗaya. A wannan saitin na'urori da yawa ma sukan ƙara rage faɗin hoton zuwa ɗigo 352. Da bayanan suka gaza, sai na'urar ta shafe duk inda motsi ya yi yawa.

Ka ƙara da cewa tashar da kanta ta riga ta matse hoton kafin ta harba shi tauraron ɗan'adam. Dikodarka ta warware shi, waya ta rage shi, na'urar DVD ta sake matse shi da tsohon tsarin MPEG-2. Wanda ya taɓa kwafar kaset daga kaset ya san yadda na uku yake fita.

Naɗi daga dikoda kai tsaye

Maganin shi ne a cire na'urar DVD daga tsakiya gaba ɗaya. Abin da yake saukowa daga dish ba hoto ba ne tukuna, bayanai ne irin na kwamfuta. In ka kama bayanan nan ka ajiye su kafin a taɓa su, ka mallaki ainihin abin da tasha ta watso, ba ragi ko na ɗigo ɗaya. Yawancin dikodojin HD na tashoshin kyauta da ke kasuwa, irin su Strong da makamantansu, suna da ƙofar USB da maɓallin naɗi mai jan ɗigo a rimot. Ka soka filashi ko rumbun ajiya na waje, ka danna, shi ke nan. Dikodar ba ta matse komai, kwashewa kawai take tana zubawa. Fayil ɗin galibi yakan fito da wutsiyar .ts, wasu dikodojin kuma sukan sa masa wani suna, amma abin da ke ciki kusan iri ɗaya ne.

Akwai abubuwan da na koya da wahala a wannan matakin. Filashi mai arha, musamman na jabu da ake rubuta masa girman da ba shi da shi, ba ya iya karɓar bayanai da saurin da suke zuwa, sai ya riƙa zubar da wasu. Rumbun ajiya na waje ya fi aminci, in kuma filashi ne, ka gwada shi da naɗin awa guda tun kafin ranar da kake buƙata. Sannan in an tsara shi a FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce GB 4, shi ya sa za ka ga dikoda ta yanka naɗin gunduwa-gunduwa da lambobi a jere. Kada ka goge ko ɗaya, kada ka canza musu jeri, haɗa su ake yi daga baya. In dikodarka tana karɓar NTFS, shi ya fi.

Sigina ma tana da nata rabon. A tsohon talabijin in sigina ta yi rauni sai hoto ya yi yayyafi amma ana gani. A na zamani kuwa hoton farfashewa yake yi murabba'i-murabba'i, murya ta yi ƙyas ta ɗauke, kuma duk wannan yana shiga cikin naɗin har abada. A shafin sigina na dikoda akwai sanduna biyu, ta ƙarfi da ta inganci. Ta ingancin ce abin dubawa. Iskar farkon damina takan goce da dish, ƙurar hunturu takan taru a kan LNB, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, mahaɗin waya kuma yakan yi tsatsa. Kafin azumi ka kira mai saita dish ya ɗaga maka sandar inganci iya yadda za ta kai, ya canza mahaɗan da suka ci. Ruwan sama mai ƙarfi kam ba shi da magani, in hadari ya rufe sai haƙuri.

Sai wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar naɗi, wasu dikodojin ba sa rufe fayil ɗin yadda ya kamata. Dikoda ba ta cin wuta sosai, ƙaramar inbata ko batirin sola ya ishe ta, ba sai an kunna talabijin ba. Kuma tunda Makka tana gabanmu da awa 2, a 'yan shekarun nan tarawihinsu yana farawa ne daidai lokacin da mutanen Daura suke kan tabarmar buɗa baki. Don haka ka yi amfani da agogon naɗi na dikodar, ka tabbatar an saita lokacinta a GMT+1, ka ƙara minti 10 a gaba da 20 a baya, musamman daren 29 da ake saukar Alƙur'ani, wanda addu'arsa takan ja.

Daga filashi zuwa faifai

Yanzu kana da ainihin naɗin a hannu. Abu na farko da nake yi a shago shi ne in kwafe shi a kwamfuta in buɗe shi da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo. Ita za ta gaya maka girman hoton, ko 1080 ne ko 720, tsarin da aka matse shi da shi, wanda a tashoshin HD galibi H.264 ne, da irin muryar, da megabit nawa yake ci a daƙiƙa. Da wannan za ka san faifan da zai ɗauke shi. A ce ta nuna maka megabit 6: awa guda GB 2.7 ke nan. Ka tuna kuma faifan da aka rubuta wa 4.7, kwamfuta 4.37 take ganinsa, bambancin ƙirga ne kawai.

In za ka yanke farko da ƙarshe, ko ka haɗa gunduwoyin nan, ka yi da manhajar da ke yanka ba tare da sake matsewa ba. Avidemux tana yi in ka bar hoto da murya duka a kan Copy, LosslessCut ma aikinta ke nan. Sharaɗin shi ne ka yanka a kan cikakken hoton nan da na ambata ɗazu, wanda sauran suke jingina da shi, in ba haka ba farkon bidiyon zai fito a farfashe na ɗan lokaci. Alamar da za ta nuna maka ba a taɓa hoton ba ita ce sauri. Naɗin awa 2 cikin 'yan mintoci zai gama. In ka ga kwamfuta ta ɗauki zafi tana cewa saura awa guda, to matsewa take yi, ka tsayar da ita. Wannan kuskuren shi na fi gani a wajen yaran da ke tura fina-finai a waya: komai aka ba su sai sun bi da shi ta manhajar canza fayil, don sun saba da rage nauyi.

Daga nan hanya ta rabu. Mafi sauƙi ita ce ka buga fayil ɗin a faifai a matsayin ajiya, kamar yadda ake ajiye takardu, a tsarin UDF don ya karɓi babban fayil. Hoton yana nan HD ɗinsa ko da faifan DVD ne, domin ƙa'idar 720 da 576 ta faifan kallo ce, ba ta shafi faifan ajiya ba. Kwamfuta za ta kunna shi da VLC, ko a kwafo shi a filashi a soka wa talabijin. Na'urar DVD ta gida dai ba za ta karanta shi ba.

Wadda ta amsa tambayarka sosai ita ce Blu-ray, wanda ya fito a 2006 musamman don HD. Hasken da ke karanta shi ya fi na DVD siranta, nanomita 405 maimakon 650, shi ya sa faifai mai girma ɗaya yake ɗaukar GB 25, mai hawa biyu kuma 50. Yana karɓar H.264 kai tsaye, kuma yana ɗaukar hoto har megabit 40 a daƙiƙa, abin da ya wuce buƙatar naɗin tasha nesa ba kusa ba. Da lissafinmu na megabit 6, faifan GB 25 zai ɗauki sama da awa 8. Manhajar tsMuxeR ita ke ɗaukar fayil ɗinka ta jera shi a tsarin Blu-ray ba tare da ta taɓa hoton ba, ta fitar da folda biyu, BDMV da CERTIFICATE, sai ka buga su da manhajar ImgBurn a UDF 2.50. Kana buƙatar na'urar buga Blu-ray ta USB, wadda ba kasafai ake samunta a shagunan kusa ba, ni kaina daga waje na sa aka taho mini da tawa. Wajen kallo kuma, in ba ku da na'urar Blu-ray, PlayStation 3 da 4 da yara suke buga ƙwallo da su suna karanta faifan.

Akwai ta tsakiya da nake yawan yi wa masu gajeren shiri, ana kiranta AVCHD. Tsarin Blu-ray ne a kan faifan DVD na yau da kullum, muddin bayanan ba su wuce megabit 18 a daƙiƙa ba. Faifan mai arha ne, hoton HD ne, amma na'urar DVD ta gida ba ta kunna shi, sai ta Blu-ray ko kwamfuta, kuma da megabit 6 abin da zai ɗauka bai wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci ba. Ya dace da huɗubar Arfa ko addu'ar saukar Alƙur'ani. Sai dai in faɗa maka gaskiya, ba kowane naɗin tasha ne yake bin ƙa'idar Blu-ray sak ba, wani zai yi a wannan na'ura ya ƙi a waccan, kuma in tashar da sabon tsarin HEVC take watsawa, Blu-ray na yau da kullum ba ya karɓarsa sai an sake matsewa. Shi ya sa nake fara gwaji da faifan da ake gogewa a sake bugawa, BD-RE ko DVD-RW, kafin in ɓata mai kyau.

In dole sai DVD na gida

Na san halin gidajenmu. Wataƙila abin da ke ɗakin Baba na'urar DVD ce da ya saba da rimot ɗinta, kuma ba za a ɗora wa dattijo koyon sabon abu ba. To a yi masa DVD, amma daga ainihin fayil ɗin a kwamfuta, matsewa ɗaya tak, ba ta wayar ruwan ɗorawa ba. Ba zai zama HD ba, amma tsakaninsa da wanda ka yi akwai tazara mai yawa. DVDStyler da AVStoDVD duka kyauta ne kuma suna wannan aiki.

Ka zaɓi PAL. Manhajoji da yawa suna zuwa a saite kan NTSC na Amurka, mai layi 480 da hoto kusan 30 a daƙiƙa, alhali naɗinka 25 ne. In ka bar shi haka, layuka sun ragu, motsi kuma zai riƙa tangaɗi duk lokacin da kyamara ta juya. Ka zaɓi faɗin 16:9, in ba haka ba mutane za su fito zaƙo-zaƙo ko a datse gefen sahu. Kada ka wuce minti 90 a faifan 4.7, wanda zai ba hoto megabit 6 da ɗoriya. Iyakar DVD 9.8 ce, amma ni ba na barin ƙololuwa ta wuce 8 a faifan da aka buga a gida, saboda na'urorin da idonsu ya gaji sukan sarƙe. In sallar ta fi haka tsawo ka raba ta faifai biyu a wurin sallama, ko ka nemi mai hawa biyu na GB 8.5. In manhajar ta ba ka zaɓin bi sau biyu, ka karɓa: zagayen farko tana nazarin inda motsi ya yi yawa, na biyu ta kai bayanan can. Masu ɗawafi a nan suke samun haƙƙinsu.

In naɗinka irin wanda ake kira 1080i ne, harafin i ɗin yana da ma'ana. Kowane hoto rabi biyu ne da aka saƙa, layukan mara da na cika, ana nuna su ɗaya bayan ɗaya sau 50 a daƙiƙa. Shi ke ba shirin kai tsaye santsin motsinsa. DVD ma yana karɓar wannan saƙar, don haka a bar ta, tare da jerin da ta zo da shi, wanda a 1080i rabin sama ne ke fara fita. In aka juya jerin, duk abin da ya motsa sai ya riƙa karkarwa. Na taɓa buga faifai ashirin na wani hawan sallah da wannan kuskuren, a kwamfuta lafiya lau, a talabijin ƙafafun dawaki suna rawa, sai da na sake aikin daga farko. Tun daga ranar ba na sallamar aiki sai na kalle shi a talabijin na gaske.

Maganar murya

A naɗin karatun Alƙur'ani murya ta fi hoto muhimmanci, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Tashoshi suna aiko ta a matse, ko MP2, ko AAC, ko AC-3 wanda aka fi sani da Dolby Digital, a kan awo 48,000 a daƙiƙa. In AC-3 ce, DVD da Blu-ray duka suna karɓarta yadda take, kada a taɓa. In MP2 ce, DVD na PAL yana karɓa, Blu-ray kuma ba ya karɓa, haka ma AAC. A nan abin da nake yi shi ne in warware muryar zuwa LPCM, wato murya marar matsi. Warwarewa ba ta rage komai, wuri kawai take ci, kusan megabait 690 a awa, wanda a faifan GB 25 ba a jin sa. In wuri ya yi ƙaranci sai AC-3 a kilobit 256 ko sama. Abin da ba na yarda da shi shi ne a mayar da ita MP3 mai kilobit 128 ko ƙasa. Kunne zai ji a haruffa masu shewa irin su sinun da sadun, da kuma amsa-kuwwar Harami bayan liman ya ja madda, sai ta koma kamar ana magana cikin garwa. Kada kuma a ƙara mata ƙarfi a manhaja don a ji da kyau, in ta bugi rufi ta tsage ba ta gyaruwa. A ƙara a sifika.

Rigayen da murya take yi wa baki iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Ka duba farkon naɗin da ƙarshensa. In tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, abu ne mai sauƙi: ka kunna a VLC, ka riƙa danna J ko K, kowace dannawa tana matsar da muryar da kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa, har ta hau bakin liman. Lambar da ka samu sai ka rubuta ta a gurbin jinkirin murya na tsMuxeR ko Avidemux. In kuwa a farko daidai take sannan tazarar ta riƙa ƙaruwa, to sigina ce ta yanke a wani wuri, hoto ya rasa wani yanki murya ba ta rasa daidai da shi ba. Fayil ɗin .ts yana ɗauke da tambarin lokaci da ke riƙe su tare, shi ya sa a dikoda ba ka ganin matsalar, sai an raba hoto da murya an sake haɗawa take bayyana. Abin da nake yi shi ne in nemo wurin yankewar, in raba naɗin biyu a nan, in daidaita kowane yanki shi kaɗai.

Tashoshin kuɗi

Duk abin da na faɗa a kan tashoshin kyauta ne, irin tashar Alƙur'ani ta Saudiyya da kake kama. Dikodojin tashoshin da ake biya wata-wata suna kulle abin da suka naɗa, a cikinsu kawai yake kunnuwa, kuma ƙofarsu ta HDMI takan zo da kariyar HDCP mai hana kwafa. Ba na karya wannan kulle, ba na kuma koyar da shi, domin haƙƙin masu shi ne. Ko a tashar kyauta ma, naɗi don Baba ya kalla a gida daban yake da bugawa a kai kasuwa. In dikodarka ta kyauta ce amma ba ta naɗi, akwai na'urar kama hoto daga HDMI zuwa kwamfuta, sai dai ita ma sake matsewa ce, kuma ƙananan masu arha galibi hoto 30 suke bayarwa a daƙiƙa, wasu har su haɗe muryar dama da hagu wuri guda. Kuɗin mai kyau ya isa ka sayi dikoda mai naɗi.

Bugawa da ajiya

Wajen bugawa, abin da masu shago ke kira bonin, kada ka bi saurin da aka rubuta a jikin faifan. DVD mai 16x ina buga shi a 6x ko 8x, Blu-ray a 4x, kuma kullum ina barin ImgBurn ta sake karanta faifan ta gwada shi da asali bayan ta gama. Kada ka cika shi maƙil, bakin faifai ne wurin da ya fi saurin lalacewa.

Faifan DVD da ake bugawa a gida wani rini ne a cikinsa da haske yake ƙonawa, kuma zafi da rana suna cin rinin nan. A garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, faifan da aka bari a gaban mota ko a taga ba ya daɗewa. Yawancin faifan Blu-ray ba rini ba ne, sun fi juriya, sai dai nau'in da aka rubuta wa LTH, shi ka guje shi. Ka ajiye su a tsaye cikin gidansu, a ɗaki mai inuwa, ka yi rubutu da maka mai laushi, ban da biro, ban da manna takarda. In ƙura ta hau, a goge da ƙyalle mai taushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Ainihin fayil ɗin .ts kuwa kada ka goge shi don ka buga faifai. Ka bar kwafi a rumbun ajiya, ka buga wani a faifan ajiya ka kai gidan wani ɗan'uwa, wanda Baba zai riƙa ɗauka yana sakawa kuma ya zama na uku, in ya karce a sake buga masa.

Faifan da ka riga ka yi na bana ba za su koma HD ba, abin da wayar ruwan ɗorawa ta zubar ya tafi, duk manhajar da ta ce za ta dawo da shi ƙirƙira take yi. Muryar dai tana gyaruwa. Ka kwafo fayilolin VOB daga faifan zuwa kwamfuta, ka daidaita jinkirin kamar yadda na bayyana, ka sake bugawa ba tare da taɓa hoton ba. Sannan tun yanzu ka gwada naɗin sallar magariba ɗaya ta USB, ka buɗe shi da MediaInfo, ka aiko mini da abin da ta rubuta a layin hoto da na murya, in gaya maka faifan da za ka saya kafin Arfa. A gaida Baba.